Salatif da leminatin na kashe tsofaffin jaridunmu

Wai wa ya gaya wa masu kula da ɗakunan adana kayan tarihi cewa salatif magani ne? Takardar jarida, har da ta Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, takarda ce mai araha da aka yi da ɓargon itace. Tsami na cikinta tun daga masana'anta, shi ya sa take yin ja tana karyewa. Ga wannan ciwo, sai a zo a manna mata salatif a inda ta yage. Shekaru kaɗan gam ɗin ya ratsa takardar, robar ta ɓalle, a bar tabo ruwan ƙasa daidai kan rubutun. Ba ya goguwa. Leminatin ya fi muni, domin da zafi ake narka roba a jikin shafin, kuma babu mai iya ɓare ta ba tare da ya tafi da tawadar ba. Haba jama'a!

Sai ajiyar kanta. Kundaye jibge a ƙasa jikin bango, kwano na yoyo a sama. Da damina, laima ta haura kashi 65 cikin ɗari, funfuna ta kama, gara ta biyo bango. Hunturu ya zo ya busar da abin da ya rage, mai fotokwafi kuma ya kife kundin a kan na'ura ya danne da hannu biyu har ɗinkin ya tsinke.

A daina fakewa da rashin kuɗi. Nawa ne kuɗin ɗaga kantar ajiya santimita 15 daga ƙasa, a janye ta daga bango? A cire fil da ƙusar sitefula, tsatsarsu ke cin takarda. A cire kyauro. Jarida a kwantar da ita a shimfiɗe cikin kwali marar tsami, kada a ninke. Fastocin wasan kwaikwayo ma haka, ba a naɗe su a ɗaure. Wajen ɗauka a kwamfuta, a kafa kyamara daga sama, kundin na buɗe a kan matashin kai, ƙarfin ɗauka kada ya gaza dpi 300 (wato ɗigo 300 a kowane inci), hoto kuwa 600, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari daban.

Hotuna su suka fi ci mini rai. Ana rubutu a bayansu da biro, tawada ta ɓullo ta gaba. Ana jera su fuska da fuska su manne. Nagetif (fim ɗin da ake wanke hoto daga shi) da ya fara warin tsami ruɓewa yake yi, in ba a ware shi ba zai lalata na kusa da shi. Hotunan hawan daba da na sarakuna kuwa, da yawa babu suna babu shekara, alhali dattawan da za su gane fuskokin suna nan da rai a gari. A kai musu kwafi tun yanzu, a rubuta abin da suka faɗa da fensir mai laushi a gefen bayan hoton.