Wayar wa yaran za su yi darasin da ita?

Wani labari ya ce ana koya wa ɗaliban kwalejojin ilimi amfani da WhatsApp da Facebook wajen koyarwa, kuma ina goyon bayan hakan. Mai cewa ɓata lokaci ne, ka tuna 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu: malamin da ya iya buɗe zauren WhatsApp, yana tura saƙon murya da hoton allo, ɗalibansa ba su yi zaman banza ba. Sai dai labarin bai taɓo inda mai NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, zai koyar ba. Firamare ce da ƙaramar sakandare, yara da yawa ba su kai shekara 13 da Facebook ya gindaya ba. Wayar ta uba ce, tana aljihunsa a kasuwa har magariba, ga kuɗin data ya tashi a 2025. To a koya wa ɗaliban kwalejojin shirya gajeren saƙon murya da za a saurara da dare, a kuma ja musu kunne kada malami ya riƙa bin ɗaliba da saƙon sirri, komai a zauren da iyaye suke gani. Wannan yana cikin manhajar, ko buɗe shafi kawai ake koyarwa?