Kwata ta wayi gari babu ungulu

Ku samu yaron da bai kai shekara ashirin ba a Kano ko Zariya ko Katsina, ku ce ya kwatanta muku ungulu. Zai ce tsuntsuwa ce mai sanƙo, ya ji ana zagin mutum da ita, wataƙila ya taɓa ganinta a waya. Amma a ce ya gan ta ido da ido, tana tsaye a kan katangar kwata tana jiran mahauci ya juya baya, da kamar wuya. Mu da muka girme su mun san lokacin da ko kallonta ba a yi saboda yawa. Tana kan rufin kasuwa, tana bakin juji, tana kan rimi da kuka, ranar Babbar Sallah kuwa sai ka rantse gayyatarta aka yi. Yanzu mutum zai yi layya, ya feɗe, a wanke kayan ciki a zubar da dattin tumbi, ya ɗaga kai sama bai ga kowa ba sai shirwa da hankaka.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ta tafi babu wanda ya ce uffan. Ranar da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san inda yake zaune da ya ji labarin. Amma ka tambayi dattijon mahauci wace shekara ungulu ta daina zuwa, sai ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce: “Wallahi an daɗe fa.”

Ni a wurina ungulu ma'aikaciyar tsaftar gari ce wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba, ba ta kuma taɓa shiga yajin aiki ba. Jaki ya mutu a bayan gari da safe, kafin la'asar sai ƙashi. Akuyar da mota ta buge a kan titi, kazar da annoba ta kashe aka jefar a juji, abin da mahauta suka rage, duk nata ne. Allah ya yi ruwan cikinta da tsami mai ƙarfin gaske, yana narkar da ƙwayoyin cutar da za su kwantar da kare ko mutum. Ba ta sure ɗan tsako kamar shirwa, ba ta sauka a gonar gero kamar jan-baki, ba ta taɓa abin da ke da rai. Laifinta ɗaya, ba ta da kyan gani, kuma abincinta mushe. A kan wannan muka mayar da ita abin zagi.

Wanda yake ganin batun tsuntsuwa bai kai a ɓata masa lokaci ba, ya ji abin da ya faru a Indiya. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar maganin ciwon jiki mai suna diklofenak, wanda mu ma muke saya a kemis idan gwiwa ta matsa. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace, cikin 'yan kwanaki ita ma ta bi. Ƙasar da ke da ungulu miliyoyi ta rasa fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan kafin a gano dalili. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. A tsakanin nan mushen shanu ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da masu su suka samu abinci suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum wajen 500,000 ne suka mutu tsakanin 2000 da 2005 sakamakon wannan giɓi. Mutane, ba tsuntsaye ba.

Namu ya sha bamban da na Indiya, kuma ya fi shi muni ta wani ɓangaren, domin su kuskure suka yi, mu kuwa da gangan ne. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ƙaramar ungulun nan ta cikin gari, mai jan fuska, a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Binciken da aka yi a kan ungulun Afirka a daidai lokacin ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka samu a mace guba ce ta kashe su, kusan kashi 30 kuma cinikin sassan jikinsu ne. A Botswana, a 2019, an tsinci gawar ungulu 537 a wuri ɗaya. Mafarautan hauren giwa ne suka barbaɗa guba a mushen giwayen da suka kashe, saboda sun san abin da Bahaushe ya sani, ungulu ba ta jewar banza: idan ta taru a sama, masu gadin daji za su bi sawu. A Guinea-Bissau kuma, a 2020, sama da 2,000 aka kashe da guba cikin 'yan makonni, da yawansu an same su babu kai. Ina kawunan suka tafi? Kasuwa. Kuma masu bin diddigin wannan ciniki sun daɗe suna cewa Najeriya na cikin manyan wuraren da ake kawo kayan.

Kada mu yi kamar ba mu sani ba. Duk wanda ya saba shiga lungun masu sayar da kayan magani a manyan kasuwanninmu ya ga busasshen kan tsuntsu a shimfiɗe kusa da fatar damo da ƙayar bushiya. Masu saye ba jahilan ƙauye ba ne kawai, kamar yadda muke son mu ɗora musu komai. Akwai mai neman kujera, akwai mai neman kwangila, akwai ɗan caca, akwai ɗan kasuwar da ke son ya fi maƙwabcinsa ciniki. An gaya musu tunda ungulu na hango mushe daga nesa, kanta zai sa su hango abin da ke tafe. Da can idan aka cuci mutum sai a ce an yi masa ungulu da kan zabo. Yanzu kan ungulu ya fi zabo sukutum tsada nesa ba kusa ba, kuma duk sanda ta ƙara wuyar samu sai farashin ya hau, mai farautar ya ƙara nisan tafiya, har ya tsallaka iyaka. Hanyar kamun ma ba wahala: a samu nama, a barbaɗa masa garin maganin ƙwari na gona, a ajiye a fili, a koma gefe. Ana son ɗaya, ashirin su mutu.

Ga kuma inda lissafin ya ƙi fita. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ɗaya tak. Ta kwanta a kansa wajen mako bakwai, ɗan ya fito, iyayen su yi watanni suna ciyar da shi kafin ya tsaya da kansa, sannan shi ma sai ya yi shekaru kafin ya fara haihuwa. Zabuwa tana zuba ƙwai da dama a damina guda. Abin da mai guba ya kwashe a hantsi ɗaya, shekara goma ba ta mayar da shi.

Akwai masu sayen da nake tausaya wa, su ne iyayen mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali, waɗanda suka gaji, suka sayar da abin da suke da shi, wani ya ce musu saura kan ungulu. Waɗannan ba zagi suke buƙata ba, hanya suke buƙata. Farfaɗiya tana da maganin da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita idan an dage da sha. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato. Kuɗin da za a ba mai kawo tsuntsuwa ya isa kuɗin mota da kati.

Ba duka laifin ne na masu guba ba, gaskiya. Kwatar ma ta canja. Da, akwai abin da ake zubarwa. Yanzu jini ana tarewa a dafa a shanya a kai wa masu haɗa abincin kaji, ƙashi yana da mai saye, ƙaho da kofato suna da mai saye, fata an mayar da ita ganda, har dattin tumbi ana kwasa a kai gona. A zamanin da kilon nama ya gagari mai albashi, ba za ka ce wa mahauci ya bar wa tsuntsuwa rabo don Allah ba. Sannan bishiyoyin da take sheƙa a kansu, dogayen nan irin su maɗaci da rimi da giginya da tsohuwar tsamiya, sun bi motar katako da buhun gawayi. Tun da gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, duk bishiyar da ke tsaye a bayan gari kuɗi ce a idon wani. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, alhali tsamiyar tana cikin murhu.

Tunda ana maganar kwata, bari in ɗan ratse. Ba ungulu kaɗai ta ɓace daga wurin ba. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. A kasuwar ƙauye, daga jin kalangu da hantsi an san an kayar da sa, mata su fara aiken yara da kwano. Kowane babban mahauci da takensa, makaɗi ya kama shi ya ji kansa ya yi girma, ya yanko tsoka ya miƙa. Daga wannan gida ne hawan ƙaho ya fito, dambe ma 'ya'yan mahauta aka fi sani da shi. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya zaga duniya. Yau mai nama hoto yake ɗauka ya ɗora a WhatsApp, ko ya ɗaura lasifika a baro tana maimaita magana ɗaya har kunne ya gaji. Ina kewar kalangun, ba zan ɓoye ba. Amma ban damu da shi kamar yadda na damu da tsuntsuwar ba. Kalangu yana nan a gidan dambe da wajen biki, kuma ko da ya kwanta shekara hamsin, ranar da wani yaro ya so, zai samu itace da fata da tsarkiya ya tayar da shi. Akwai faifai, akwai bidiyo, akwai wanda zai koya masa. Ungulu idan ta ƙare babu masassaƙin da zai sassaƙo wata.

Abin mamakin kuma, mu ɗin nan mun iya kare tsuntsu idan muka so. Dubi shamuwa. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙarta a bishiyar tsakiyar gari, wani lokacin a cikin gidan mutum, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta tafi abinta. Babu ɗan sanda, babu takardar gwamnati, amma yaron da ya ɗaga danƙo ya nufe ta sai ya sha faɗa daga duk babban da ya gan shi, ko ba ɗansa ba ne. Saboda an ɗauke ta mai kawo albishir. Manomi na ganinta zai fara duba irin shukarsa. Gari ɗaya, mutane ɗaya, wannan an ba ta mafaka, waccan an sa wa kanta farashi, kuma idan amfani ake bi, ban ga inda shamuwa ta fi ta ba.

Malamanmu ma ina ganin sun yi shiru da yawa a nan. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya gaya mana dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummu ne kamar mu. Kowane ɗalibi ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa. Sannan batun neman sanin gaibu ta kan tsuntsu, ai ba sai an yi dogon bayani ba a kan matsayinsa. Amma ban taɓa jin huɗubar Juma'a a kan wannan ba, alhali wani mai aiken a kawo masa kan ungulu yana zaune a sahun farko.

Doka akwai ta. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, an kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya tana roƙonsu su koma ga itatuwa da saiwoyi maimakon sassan tsuntsu, wasu kuma sun amsa. Har rana aka ware wa ungulu a duniya, Asabar ta farko a watan Satumba. Duk da kyau. Sai dai taron otal da riga mai hoton tsuntsuwa ba su kai ga mutumin da ke barbaɗa gari a kan nama da asuba. Wanda zai kai gare shi Sarkin Fawa ne, da mai unguwa, da shugaban masu kayan magani na kasuwa, domin su ne suka san shi da sunansa da sunan ubansa. Ranar da Sarkin Fawa ya ce duk wanda aka kama ya sa wa ungulu guba a harabar kwatarsa ya bar masa wuri, ranar an fara aiki. Makiyayin da kura ko kare ya ɓarnata wa dabba shi ma a gaya masa, mushen da ya sa wa guba don ramuwa ba mai laifin kaɗai yake kashewa ba.

Har yanzu akwai garuruwan da take leƙawa jefi-jefi, biyu ko uku a kan wata tsohuwar bishiya. Idan naku na ciki, ku hana a sare bishiyar, ku ja wa yara kunne. Kuma don Allah kada ku ɗauki hoton sheƙar ku ɗora a Facebook da sunan unguwa da kwatance. Masu neman kanta su ma suna da waya.