Maigida, in ka kwanta yau, shagon zai buɗe gobe?

'Yan uwana 'yan kasuwar Damagaram, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai.

Na haura shekara goma ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole. A 2019 zazzaɓi ya kwantar da ni sati uku. Yarona na shago, wanda a lokacin ya shekara shida a hannuna, ko dala bai taɓa ɗaukar mini ba, amma ciniki ya tsaya cik. Ranar da ya zo duba ni, ya tsuguna bakin tabarma ya ce, "Alhaji, wata Hajiya ta zo neman turmi goma na biki, ta nemi ragi, ban san inda zan tsaya ba, sai na bar ta ta tafi." Bai san nawa na saro kayan ba. Bai san wa nake bi bashi ba, bai san wa ke bina ba. Duk lissafin yana cikin kaina da wata 'yar takarda a aljihun gaban riga. Laifin nawa ne, ba nasa ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu muna ɓoye wa yaranmu kuɗin sari, wai kada idonsu ya buɗe su janye mana masu saye. Yaro ya share shago, ya ɗauki kaya, ya sayo shayi, shekara da shekaru bai san komai ba sai "bari maigida ya zo". Sannan mu zauna muna kukan babu amana a zamanin nan. Ta ina za ka gane mai amana in ba ka taɓa damƙa masa komai ba?

Ku tuna Malam Yaro, attajirin garin nan a ƙarshen ƙarni na 19, wanda fataucinsa ya ratsa hamada har Tarabulus. Tafiyar raƙumi ce ta watanni. Ba zai yiwu ya kasance a unguwar Zango ta garin nan kuma ya kasance tare da ayari ba, dole wasu suka riƙa saye da sayarwa da sunansa. Mu da muke da waya a hannu, Kano kuma tafiyar yini, mun kasa sakin linzami.

Da na tashi daga ciwon, na sayi babban littafi. Kowane turmi da kuɗin sarinsa, da kuɗin mota, da abin da aka biya a iyaka, da yadda aka canza sefa zuwa naira ranar da aka saye shi. Wannan na canji shi ne ke cinye mutane ba su sani ba: ka ga kamar ka ci riba, ka koma Kantin Kwari ka tarar kuɗin ba su sayen abin da ka sayar. Na kuma yanka wa kaina albashi, na daina zura hannu a akwatin shago don cefane ko gudummawar suna. Wallahi wannan ya fi komai yi mini wuya, don kowa ya san yadda hidimar dangi take a garinmu.

Sai na fara tura yaron sari shi kaɗai. Tafiyar farko ya sayo wani zane da bai karɓu ba, muka yi asarar jikka arba'in. Ban yi masa faɗa gaban mutane ba. Bayan isha'i muka zauna da littafin, ya gano kuskuren da kansa. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, kaya suka yi wuya, shi ya ba da shawarar mu daina ba da bashi sai na tsofaffin abokan ciniki, kuma shawarar ta tsare mana uwar kuɗi.

Bara na sallame shi da jari, yadda iyayenmu suke yi wa yaransu. Wasu maƙwabta sun ce na haifar wa kaina kishiya. Rumfarsa tana layi na uku daga tawa, in wani kaya ya yanke masa wurina yake aikowa, kuma ƙaninsa ne yanzu ke riƙe mini littafin.