Littattafai tara a jaka, amma buhun taki ya gagara karantuwa

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Abin ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A babban hutun da ya wuce, ɗan yayana ya raka ni gonarmu ta tudu za mu zuba taki. Yaron yana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, a wata makarantar je-ka-ka-dawo nan ƙasar Haɗejiya. Gonar dawa ce da wake a tsakani. Muka sauke buhu biyu daga amalanke, ɗaya kamfa ɗaya yuriya, muka zauna gindin tsamiya muna shan iska. Sai na nuna masa lambobin da ke jikin buhun kamfa, 15:15:15, na ce ɗan boko, me wannan ke nufi? Ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baffa, ina jin lambar kamfani ce."

Ban yi dariya ba, domin yaron ba daƙiƙi ba ne. Bai taɓa wuce na biyar a ajinsu ba, ya ci jarrabawar kwalifayin, kuma sai ya yi tafiyar kusan awa guda a keke kafin ya isa makaranta. Da daddare bayan sallar isha'i na ce ya kawo mini jakarsa. Littattafan rubutu tara, kowanne an lulluɓe bangonsa da takardar siminti, rubutu tsaf kamar na akawu. Na haska tocila na shiga buɗawa.

A littafin kemistiri ga sinadarai 20 na farko da ya haddace, har waƙa suka mayar da su. Naitirojin na 7, fosfaras na 15, fotashiyam na 19, wato N da P da K ɗin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin buhun. A littafin darasin noma ga su nan an jera su a matsayin manyan abincin shuka. A littafin bayoloji ga zanen yadda naitirojin ke zagayawa daga iska zuwa ƙasa zuwa tsiro, har da kibiyoyi da jan biro. A littafin lissafi kuwa shafi huɗu cur na kaso cikin ɗari. Amsar tambayata tana cikin jakarsa sau huɗu, a littattafai huɗu, amma ko sallama ba su taɓa yi wa juna ba.

Muka zauna muka lissafa tare. Buhu kilo 50 ne. Kamfa yana da kashi 15 cikin ɗari na naitirojin, wato kilo 7 da rabi. Yuriya kashi 46 ce, wato kilo 23. Ashe buhun yuriya ɗaya ya ɗan ɗara buhun kamfa uku a wajen naitirojin, sai dai babu sauran biyun a cikinsa, shi ya sa ake fara sa kamfa a biyo da yuriya. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, ai wannan mun yi shi tun a aji ɗaya." Ƙwarai kun yi shi. Ba dai wanda ya taɓa gaya muku cewa da gonar ubanku ake.

Abin da nake son faɗa ke nan. Ana ta kukan darussa sun yi wa yara yawa, wasu kuma na cewa ba a koyar da komai. Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke cikin littattafan nan ilimi ne na gaske, mai amfani. Matsalar ita ce kowane darasi an kulle shi a ɗakinsa, an rufe da kwaɗon Turanci, an ce wa yaro ya haddace ya ajiye sai ranar jarrabawa. Minti 40 malamin kemistiri ya cika allo, a kwafe, a buga ƙararrawa, a goge, na ikonomiks ya shigo ya cika nasa. Yaro ya tashi da imanin cewa duniyar makaranta daban, duniyar gida daban.

Washegari da muka koma gona na tuge wake guda ɗaya na karkaɗe ƙasar, na nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke manne a saiwar. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ya san sunan ƙwayar halittar da ke zaune ciki, nan take ya rangaɗo mini shi da Turanci, amma bai taɓa ganin ta a zahiri ba, alhali tun yana rarrafe yake bin wake a gona. Kakansa bai san sunan ba, amma ya san idan aka noma wake ko gyaɗa a wuri, baɗi dawa za ta yi kyau. Ya san amfanin gona ya fi yin kyau a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Ya san idan aka tula taki dab da gindin shuka sai ya ƙone ta, abin da littafin bayoloji ya yi bayani a babin yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta ya koma inda gishiri ya fi yawa. Tsoho yana da aikin ba suna, jika yana da sunan ba aiki. Ina amfanin baɗi ba rai idan makaranta ba ta iya haɗa su ba?

Ɗiyar ƙanwata ma haka. Ita a ɓangaren adabi take, kuma ta gama yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da kan lissafi. Amma ka tambaye ta rabon gado yadda aka koya musu a Islamiyya: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusani, sudusi, sai ta warware maka su kamar tana tsinkar zogale. Ta san zakkar amfanin gona ushiri ce idan ruwan sama ya shayar, rabin ushiri idan da injin ban ruwa aka sha wahala. Na ce mata ai kashi 10 da kashi 5 cikin ɗari ke nan, ai wannan ne lissafin da kike gudu. Ta ce, "Kai Kawu, wancan fa na boko ne." To wa ya raba mata su? Bambancin kawai shi ne malamin Islamiyya ya yi mata bayani da harshen da take mafarki da shi, ya kuma kawo misali da gonar mamaci da 'ya'yansa.

Kada wani ya ce ina yaƙi da Turanci. Na san sai da kiredit 5 har da Turanci da lissafi ake shiga jami'a, kuma WAEC da NECO ba za su yi tambayar kimiyya ko lissafi da Hausa ba. Amma malami ya fara fahimtar da yaro da Hausa, sannan ya ɗora masa kalmar Turanci a kan abin da ya riga ya gane, wannan bai rage komai ba. Abin da yaro ya gane ba ya buƙatar satar amsa a kansa.

Labarin ƙasa ya fi ba ni takaici. Yaranmu suna iya lissafo manyan kogunan Afirka, amma ba su san ruwan da ke wucewa ta bayan garinsu daga ina yake ba. Ba su san madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 su ne ke riƙe da ragamar kogin Haɗejiya ba, balle su gane dalilin da kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ko abin da ya sa ambaliya irin ta 2022 ke cinye gonaki da gidaje. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a dausayin Baturiya, Turawa na zuwa kallon su, ɗan gari bai taɓa jin zancen a aji ba. Tarihi kuwa kusan kar a tona. An cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka shafe sama da shekara goma kafin a dawo da shi. Ka sami saurayi ɗan Haɗejiya bai san abin da ya faru a 1906 ba, lokacin da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa ya yi shahada tare da mutanensa. Zanen duwatsun Birnin Kudu kuwa sai dai ya ji a rediyo.

A 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja, ta rage darussan babbar sakandare zuwa 8 ko 9, ta taƙaita sana'o'i zuwa 6, cikinsu har da haɗa sola, kiwon dabbobi, ɗinki da gyaran waya. A takarda abin ya yi kyau, kuma sana'o'i ne da ake ci da su a karkara. Sai dai mu da muka yi makaranta zamanin tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 mun taɓa ganin irin wannan rana. Da idona na ga akwatunan injinan koyon sana'a a jibge a wani aji da aka kulle, ba wutar lantarki, ba mai koyarwa, har muka gama makarantar gara ce kawai ta amfana da katakon. Idan haɗa sola ma a allo za a zana shi a kwafe, an gudu ba a tsira ba. Ga kwamfuta nan ta ishe mu misali: tun 2015 JAMB ta koma na'ura gaba ɗaya, amma har gobe akwai yaron da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsa zai taɓa madannai.

Ban ɗora wa malamai laifin duka ba. Malamin da ke riƙe da fiziks da kemistiri da lissafi shi kaɗai, ajinsa cike maƙil wasu a ƙasa wasu a taga, ga manhaja da dole ya ƙare kafin zango ya fita, ba shi da sararin fita da yara gona. Kuma mun ga abin da ɗan ƙauye ke iyawa idan aka ba shi kayan aiki. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, tun Jigawa na cikin Kano, 'ya'yan manoma suka ɗiba suka mayar da su likitoci da injiniyoyi. Amma kafin a gina wa kowa ɗakin gwaje-gwaje, buhun taki ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Saiwar wake kyauta ce. Farashin riɗi ranar kasuwar Maigatari da farashinsa a Dawanau ya ishi malamin ikonomiks darasin mako biyu. Mu iyaye ma da namu: muna duba sakamako mu ga na nawa ya zo, ba ma taɓa buɗe littafin mu tambaye shi me ya gane.

Da hutu ya ƙare, ɗan yayana ya ƙulle saiwar waken nan a leda ya sa a jaka, ya ce zai nuna wa malamin bayoloji a gaban 'yan aji. Da yamma na tare shi a ƙofar gida yana jingine keke, na ce yaya aka yi? Ya ce malamin ɗan bautar ƙasa ne, ya gama ya koma garinsu, ba a turo wani ba tukuna. Monita ne ke kwafa musu darasin a allo daga littafin 'yan bara.