Ana ta rigima kan DJ, an manta da kunnen 'yan biki

Tun da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta Ranar Ƙauyawa, wato shagalin biki da ake yin shigar mutanen ƙauye, a 2025, da kuma irin sanarwar da Hisbah kan fitar a jihohi daban-daban kan DJ a wurin biki, muhawarar ta tsaya a wuri ɗaya. Wannan ya ce tarbiyya ta lalace, wancan ya ce an hana matasa neman abinci. Ana ta ja-in-ja a rediyo da Facebook, amma ban ji wanda ya ɗago maganar da ta fi tsaya mini a rai ba, wato irin ƙarar da ake ɗura wa mutane a kunne a waɗannan wurare, da halal ɗinsu da haram ɗinsu.

Wanda ya halarci dina ko kamu a ɗakin taro ya san abin da nake nufi. An jera lasifikoki huɗu ko shida, wani kan wani, sun fi tsayin mutum. Bugun gangar har a ƙirji kake jinsa, kofin lemo yana rawa a kan tebur. Mai son gaisawa da kai sai ya kafa baki a kunnenka ya yi ihu. Yara kuwa gaban lasifikar suke tafiya su yi rawa, ga uwa da goyo ta zauna daf da ita don nan ta samu kujera. An tashi, kowa ya koma gida kunnensa yana wiii har gari ya waye, a ce biki ya yi armashi.

To ka kuskura ka fito da abin toshe kunne a irin wannan wuri. A nan za ka sha dariya. Ɗan gayu, Bature, rago. Idan kuma makaɗi ne ko DJ ko mai haɗa sauti a situdiyo ka ba shawara, amsar ɗaya ce: "Ai ni kunnena ya saba." Wannan magana ita na zo yi wa ta'aziyya.

Kunne ba ya sabawa da ƙara. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyi masu siririn gashi wajen dubu 15, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su. Idan aka huta wasu su farfaɗo, idan aka ci gaba su mutu, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Saboda haka DJ ɗin da bara yake jin ƙarar ta dame shi, bana kuma ba ya ji, ba jarumta ya ƙara ba, ji ne ya ragu. Shi ya sa hannunsa ke ƙara murɗa sautin sama, jama'a su biya kuɗin lalurarsa da nasu kunnuwan. Sabo turken wawa.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, a haka har a kai 100, inda minti 15 kacal ya rage. Desibel 100 ɗin nan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa wuraren kiɗa da taro a ƙa'idar da ta fitar a watan Maris na 2022, lokacin da ta ce matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar kiɗa. Mu kuma dinarmu daga bayan isha'i take farawa, sai sha biyun dare. A cikin wannan ƙa'ida akwai sharaɗin a tanadar wa mahalarta abin toshe kunne, a kuma ware musu wurin da za su huta daga ƙarar. Wane ɗakin taro ne a Kano ko Kaduna ko Maradi ya taɓa miƙa wa baƙo irin wannan a bakin ƙofa?

Hujja guda makaɗa suke da ita wadda ta cancanci a saurara: soson kunne mai araha, wanda ma'aikatan masana'anta ke sawa, yana danne siraran sautuka fiye da masu kauri, sai kiɗan ya koma kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa. Mai kalangu da ke bin muryar mawaƙi ba zai yarda da haka ba. Sai dai an daɗe da wuce nan. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake ƙera na makaɗa, mai ɗan mataci a ciki, wanda ke rage kowane sauti daidai wa daida, da desibel 9 ko 15 ko 25. Wanda ya sa mai rage 15 a wurin da ƙara ta kai 100 ya dawo 85, daga minti 15 ya koma awa 8, kuma yana jin waƙarsa sarai. Mutumin da ya iya sayen lasifikar miliyoyin naira bai isa ya ce wannan ya fi ƙarfin aljihunsa ba. Masu ganin toshe kunne ragwanci ne su tambayi mawaƙi Brian Johnson na ƙungiyar kiɗa ta AC/DC, wanda ya ajiye rangadin wasa a 2016 bayan likitoci sun ce masa in ya ci gaba zai kurumce.

Ga ɗan biki da ba kiɗan yake yi ba, soson ya wadatar, in an sa shi daidai. A murza shi da yatsu ya sirance, a ja saman kunne da ɗaya hannun, a tura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. Wanda aka maƙala a bakin kunne ado ne kawai. Auduga da takardar goge hannu kuwa yaudarar kai ce, abin da suke ragewa bai taka kara ya karya ba.

Masu cewa a hana DJ kowa ya huta ba su ce mana komai ba game da lasifikar majalisi da ta wa'azi da ta 'yan siyasa, alhali kunne bai san bambancin ƙasida da waƙar rawa ba. Masu cewa doka ce babu su ma su sake dubawa, hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009, tana nan kwance a takarda. A Legas aƙalla ana rufe coci da masallaci da gidan rawa saboda hayaniya. A nan Arewa muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, mun bar ta tana jiran waɗanda aikin gama ya riga ya gama a kansu.

Duk hukumar da ke da ikon auna tsayin rigar ƙawayen amarya tana da ikon auna ƙarar lasifika, wayar hannu ma tana nuna kimanin adadin. A sa wa masu ɗakunan taro sharaɗi a lasisinsu, a janye yara daga gaban lasifika. Iyayen amarya da ke raba robobi da kalanda mai hoton ango su jefa soson kunne guda biyu a kowace leda, bai kai kuɗin lemon kwalba ba.