Kafin mu yi wa kotunan Hague bankwana

Duk sanda aka ambaci dokokin ƙasa da ƙasa a 'yan shekarun nan, amsa ɗaya ake ji: ai kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami. Ban musa ba. Inda na raba gari da mutane shi ne idan suka ce tunda haka ne, ƙananan ƙasashe su tattara nasu-i-nasu su bar wa Turawa kotunansu. A ganina masu ƙarfi ne kaɗai wannan shawara za ta yi wa daɗi.

Kotuna biyu ne a birnin Hague, kuma ana yawan cakuɗa su. ICJ ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, alƙalanta 15, ƙasa ce ke kai ƙarar ƙasa a gabanta. ICC kuwa yarjejeniyar Rum ta 1998 ce ta haife ta, ta fara aiki a 2002, kuma mutum take tuhuma da kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi. Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Isra'ila duk ba sa cikinta. Kotunan biyun nan babu mai ɗan sanda ko ɗaya, sai abin da ƙasashe suka ga damar aiwatarwa.

Masu ƙorafi suna da hujja. A watan Maris na 2022 ICJ ta umarci Rasha ta dakatar da yaƙi a Yukiren, Rasha ko a jikinta. Dokar Majalisar ta ce wanda aka ƙi bi wa hukunci ya kai kuka Kwamitin Sulhu, a can kuma Rasha ce zaune da ikon hawa kujerar na-ƙi. Haka Amurka ta yi wa Nikaraguwa a 1986 bayan ta sha kaye a kotun.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne batun sammaci. Da ICC ta ba da sammacin kama Putin a Maris ɗin 2023, Biden ya ce ya dace. Da ta ba da na Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant a Nuwamban 2024, shi dai Biden ɗin ya ce abin takaici ne. Faransa kuma ta fito ta ce ai shugabannin ƙasashen da ba sa cikin kotun suna da rigar kariya. Ikon Allah! Wannan fa ita ce hujjar da Tarayyar Afirka ta shekara da shekaru tana kawowa a kan Umar al-Bashir, wadda saboda ita aka yi ta caccakar Afirka ta Kudu da ta bar shi ya fice daga ƙasarta a 2015. A bakin Afirka sunanta kare mai laifi, da ta koma bakin Faransa sai ta zama fashin baƙin doka. Putin ya je Mongoliya a 2024 aka shimfiɗa masa jar darduma, Netanyahu ya je Hungari a 2025 aka yi masa haka, alhali duka biyun suna cikin kotun a lokacin.

To me ya hana ni bin masu cewa a fita? Ku duba su wane ne ke shigar da ƙara yanzu. Gambiya, da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, ita ta kai Myanmar gaban ICJ a 2019 saboda 'yan Rohingya. Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disambar 2023, kafin wata guda ya cika kotu ta ba da umarnin wucin gadi. A Yulin 2024 kotun ta ce zaman Isra'ila a yankunan Falasɗinawa da ta mamaye haramtacce ne. Vanuwatu, 'yan tsibiran da ba su kai mutum rabin miliyan ba, su suka jagoranci neman ra'ayin kotun kan sauyin yanayi, ta kuma ba da shi a Yulin 2025. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ta iya tsayar da abokin shari'arta da soja ko da kuɗi. A zauren kotu ne kaɗai ake ba su lokacin magana daidai da na wanda suka kai ƙara, dole kuma ya turo lauyoyi su ba da amsa duniya na ji.

Za a ce to an daina kashe mutane a Gaza saboda umarnin? Ba a daina ba, kuma duk wanda ya ce kotu ta ceci rai ɗaya a ranar bai faɗi gaskiya ba. Sai dai in da kotunan nan ba su da cizo, da ba a ɓata lokaci wajen yaƙarsu ba. A 2025 gwamnatin Trump ta ƙaƙaba wa babban mai gabatar da ƙara na ICC, Karim Khan, takunkumi, ta bi da alƙalai, ciki har da mata biyu 'yan Afirka, ɗaya daga Yuganda ɗaya daga Benin. Bayan sammacin, Putin bai taka Johannesburg ba ranar taron ƙungiyar ƙasashen BRICS na 2023, ta bidiyo ya yi jawabi. Duterte, tsohon shugaban Filifin, da duk cika bakinsa, a Maris ɗin 2025 aka ɗora shi a jirgi zuwa Hague.

Akwai kuma aikin da ba ya shiga kanun labarai. Libiya da Chadi sun zubar da jini a kan zirin Auzu, hukuncin ICJ na 1994 ne ya sa Gaddafi ya janye sojojinsa. Bakasi a 2002 da tsibirin Lete tsakanin Nijar da Benin a 2005 duk a gaban alƙalai aka raba gardama. Wanda ya sha kaye ya ji ciwo, amma ba a yi jana'izar dubbai ba.

Shi ya sa sanarwar da Mali da Burkina Faso da Nijar suka yi a Satumbar 2025 cewa za su bar ICC ba ta burge ni ba, ko da yake na fahimci fushin. Sun kira ta makamin 'yan mulkin mallaka. Amma gwamnatin Mali ce da kanta ta gayyaci kotun a 2012, kuma kotun ce ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rusa hubbaren waliyyan Tumbuktu. Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya ma su suka kai kansu. Shugabanni na son kotun ne matuƙar 'yan tawaye take bi.

In har a gida za a riƙa yin shari'ar, madalla, an ma taɓa yi: a Dakar aka yanke wa tsohon shugaban Chadi Hissene Habre ɗaurin rai da rai a 2016. To ina ci gaban? Yarjejeniyar Malabo ta 2014, da za ta ba kotun Afirka hurumin manyan laifuka, sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki, har yau ba su cika ba, kuma ko ta fara an riga an rubuta a cikinta cewa ba za a taɓa shugaba mai ci ba. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha kuwa, da ta fara yanke hukuncin da bai yi wa gwamnatoci daɗi ba, Ruwanda da Benin da Kwaddibuwa suka janye wa talakawansu damar kai ƙara kai tsaye, har da Tanzaniya, ƙasar da kotun ke zaune a cikinta.