Shekara bakwai ana ɗura min maganin palu, alhali ba palu ke cina ba

Jiya na raka ƙanwata asibiti a nan Garwa, ina zaune kan benci sai na ji wata nas tana ce wa wata mata, "Madam, duk gwajinki lafiya lau, ba abin da ke damunki, ki je gida ki huta." Matar ta riƙe karne ɗinta, wato littafin asibiti, a hannu, sai da ta dafa bango kafin ta iya miƙewa. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan zuciyata tafasa take, don wannan maganar ce aka yi ta faɗa min har shekara bakwai, kafin a gano wani ciwo ne mai suna fibromiyalji ke cina.

Ni tela ce. Ciwon ya soma min bayan haihuwata ta biyu, daga wuya da kafaɗu, can ya sauka baya da ƙugu da cinyoyi, yau yana nan gobe ya koma can. In awa takwas na yi ina barci zan tashi kamar an kwana ana kirɓa ni da taɓarya. Almakashi ma in na riƙe na yanka atamfa biyu sai yatsuna su ɗau zafi, ɗaurin zanen goyo a ƙirji kuwa ji nake kamar an ɗaure ni da waya. Abin da ya fi min ciwo, ɗana ya rugo da gudu ya rungume ni in ture shi ban sani ba, yaro ya tsaya yana kallona yana mamakin laifin da ya yi. Ga mantuwa, in auna mace yanzun nan, kafin in ɗauki biro lambar ta gudu daga kaina.

To me asibiti suka yi min? Duk zuwa abu ɗaya ne, a ɗebi jini a duba palu, wato zazzaɓin cizon sauro, a yi Widal, a ce tifoyid ce. Kuma wannan Widal ɗin likitoci da kansu sun san a ƙasar da tifoyid ta yi yawa yana iya nuna ciwo a jikin wanda ba ya da shi, amma da shi aka dogara aka yi ta rubuta min antibiyotik, a kwantar da ni a sa min ƙarin ruwa, a yi min allurar diklofenak har cikina ya fara ƙuna kamar na haɗiyi garwashi. An yi min radiyo, wato hoton baya, sau uku. Ba komai. Ai dole ba komai, tunda ciwon ba a ƙashi yake ba! Ba wanda ya taɓa zama minti goma ya tambaye ni ya barcinki, tun yaushe, ina da ina ke miki ciwo. Kana buɗe baki ana rubuta ordonans, a kira na bayanka. Wani ma cewa ya yi wai damuwa ce kawai ta mata, in je mu shirya da maigidana, alhali mutumin nan shi ya sayar da mashin ɗinsa don kuɗin magani na.

A gida kuma dangin miji sun yanke hukunci, son jiki ne. Ana biki in kasa zama kan turmi a ce amaryar birni ba ta son aiki. Goggona ita ta yarda ina ciwo, amma ta ce jifa ne, ta yi ta kawo rubutu da hayaƙi, Allah ya saka mata da alheri don ita ko ba komai ba ta ƙaryata ni ba. Wani mai tallan magani a bakin kasuwa ya ce in gwada Tramol, mu da muke ganin yadda ƙwayar nan ta lalata samarin unguwa masu aikin moto.

Sai da yayana ya haɗa min kuɗi, na shiga mota zuwa Ngaundere, na kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, jikina kamar zai rabe gida biyu, kafin na ga likitar da ta karanci ciwon gaɓoɓi. Ta saurare ni, ta duba tarin takardun da na kwaso a leda, ta ƙara gwajin maƙogwaro da na kumburin gaɓoɓi don ta tabbatar ba wani abu ba ne, sannan ta ce sunansa fibromiyalji. Ta ce ƙwaƙwalwa da lakar baya ne suke ƙara wa saƙon ciwo ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, taɓawar da wani ba zai ji ba ke sai ki ji ta kamar duka, shi ya sa jini da hoto ba sa nuna komai. Kuka na yi a ofishinta.

Kuma abin da ya ƙara ɓata min rai, ashe ba sabon ciwo ba ne. Tun 1990 likitocin gaɓoɓi na Amurka suka fitar da ƙa'idar gane shi, ciwo ko'ina a jiki sama da wata uku da wasu wurare 18 da ake dannawa, a 2010 suka gyara ƙa'idar suka sa gajiya da barcin da ba ya hutar da mutum da mantuwa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 1992. Ana ƙiyasin mutum 2 zuwa 4 cikin 100 suna da shi, mata sun fi yawa. Haba jama'a, ciwon da ya kai haka yawa a ce sai mace ta bar 'ya'yanta ta tafi har Yawunde ko Duwala kafin ta ji sunansa? Mu na arewa ba mutane ba ne?

Tambayar farko da na yi mata, dokta zai warke? Ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce maganin da zai raba ni da shi ba a samu ba tukuna, amma ba ya cin ƙashi, ba ya lalata gaɓa, ba ya shanye jiki, yana tashi yana kwanciya ne, kuma da yawa suna samun sauƙi in sun gane yadda za su zauna da shi. Shekara uku ke nan kuma na ga hakan. Amitriptilin kaɗan da dare ya gyara min barci. Tafiyar ƙasa bayan sallar asuba, na fara da minti biyar ina hawaye, yanzu ina yin rabin awa, kuma ita ce ta fi min kowane magani. Ɗinki na daina karɓar na sallah da yawa, in na yi awa ɗaya kan keke sai in tashi in miƙe. Daga kwana ashirin a kwance cikin wata na dawo kwana huɗu ko biyar. Amma in hunturu ya shigo a Disamba jikina ya riga kowa sani, in kuma zafin Afrilu ya wuce 40 aka ɗauke wuta na kwana ban runtsa ba, washegari ko buta ba na iya ɗagawa.

Ko sauƙin nan ma da faɗa nake riƙe shi. Ka zaga farmasi uku a ce maganin ya ƙare, shi kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Pregabalin da Amurka ta amince da shi don wannan ciwon tun 2007, kuɗinsa na wata ya fi ƙarfin tela. In na je asibiti da wani abu daban na ce ina da fibromiyalji, sai a ɗaga kai a dube ni a ce wa ya gaya miki, a intanet kika gani? Sannan a sake rubuta min Widal.

Matar jiya na bi ta har bakin ƙofa, na ce yaya dan Allah tsaya. Na tambaye ta barci, na tambaye ta ko ciwon yawo yake mata, ta ce shekara huɗu ke nan, mijinta har ya gaji da kawo ta. Ni ba likita ba ce, na gaya mata haka, wataƙila nata wani abu ne daban. Amma na ari biro wurin mai gadi na rubuta mata sunan a bayan karne ɗinta, na ce in ta dawo ta nuna wa likita, kada ta tashi daga kujerar sai ya ba ta amsa.